Wadda, Ba Wanda Ba

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata sakat tun Talata, wai na bar Nanret da magana a baki na tafi yawona, to ga ta nan na dawo muku da ita. A labarinmu yau Alhamis ce, ranar fitar sakamakon jarrabawa.

* * *

Ƙarfe takwas na safe saƙon ya shigo wayar Nanret. Kafin takwas da minti biyu, duk wanda ke hawa na uku na benen nan da ke Abbey Wood a London ya san 'yar gidan Obadiah ta ci jarrabawa. Ba ita ta sanar ba. Mamanta ce, Madam Katumi, ta rangaɗa guɗar da ta sa karen Baturiyar da ke maƙwabtaka da su ya kama haushi.

Ta samu makin A biyu da B ɗaya. Jami'ar nan ta Aldwych ta ba ta gurbin karatun lauya.

Mama ta rungume ta, ta sake ta, ta ƙwace wayar ta duba da idonta, ta sake rungume ta. Ta ɗauko waƙar zumuntar matan coci ta yi baiti ɗaya da rabi, sauran ya ɓace mata, ta cike gurbin da rawa. Daga nan sunan Nanret ya tashi daga aiki, ta koma Barista.

"Barista, miƙo min gilashina."

"Barista, nemo min babanki a waya."

Baban tun sassafe yana kan hanya da bas ɗin da yake tuƙawa, sai da ya samu hutun minti goma ya kira. Mutumin da sai an yi sa'a ake ganin haƙorinsa, yau har muryarsa na rawa. Ya ce sai ƙarfe uku zai tashi aiki, kuma kada kowa ya taɓa masar farko kafin ya iso. Mama ta ce masa ya yi sauri dai, don matan zumunta ta gayyace su ƙarfe huɗu.

Ai ita Mama ba ta jira wani sakamako ba. Tun watan Mayu ta nemi hutun yau a gidan kula da tsofaffin da take aiki, tun jiya kuma ƙullun masa yake kumbura a roba. Ta ce ita ta san abin da ta haifa.

Murnar Nanret ba ta misaltuwa, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu da ke mata tsalle a ƙirji, don ta yi wa kanta alkawari cewa ranar sakamako za ta faɗa wa Mama zancen Zaratu.

Zaratu 'yar ajinsu ce a kwalejin da suke zuwa a Lewisham. Iyayenta 'yan Zangon Kumasi ne, Musulmi, ita kuma yarinya ce mai dariyar da ake jiyowa daga ƙarshen layi. A wurin Mama ƙawar Nanret ce, ƙawar ma ta gida, irin wadda ke shiga kicin ta buɗe tukunya ba ta nemi izini ba. A wurin Nanret kuwa wata takwas ke nan da ta wuce ƙawa. Tun ranar da suka riƙe hannu a jirgin ƙasa daga Woolwich har Whitechapel, ba wadda ta iya kallon wata, suka sauka kunya ta ishi kowacce. Nanret ta gaji da ɓoye abin da ya fi komai faranta mata rai ga matar da ta fi so a duniya. Ba ta son ta shiga jami'a da ƙarya a bakinta.

Kuma da Hausa take son faɗa. Nan aikin yake.

Yaran London ai kun san su. Uwa ta yi Hausa, su mayar mata da Turanci. In kuwa suka ce za su gwada, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsu. Nanret ce tana shekara tara ta karɓi waya ta yi wa Kaka albishir cewa "Aunty Jane ya haihu", har yau in dangi suka taru sai an tuna an yi dariya. Ita kuwa Mama haifaffiyar Wusasa ce, Bazazzagiya mai ji da bakinta. Ko a tsakiyar addu'a ka karya Hausa, sai ta buɗe ido ɗaya ta gyara maka sannan ta ce amin.

Za ku ce me ya hana ta faɗa da Turanci ta huta. Bara ne suna cikin bas a tsakiyar gari suka ci karo da masu jerin gwano da tutoci kala-kala, maza masu son maza da mata masu son mata. Mama ta kau da kai ta ce, "Abin Turawa ne, da Turanci ake yin sa. Mu ko sunansa babu a bakinmu." Nanret ta je ta bincika. Sunaye akwai su, amma duk wanda ta samu na zagi ne, babu wanda za ta iya kiran kanta da shi a gaban mahaifiyarta. Ta gane in ta faɗa da Turanci, Mama za ta ce London ce ta koya mata. Abin da ya rage mata a Hausa harafi ɗaya ne tak, wanda ya raba "wanda" da "wadda".

Wata biyar ta yi a kan harafin nan. Ta sayi littafi ta raba kowane shafi biyu, maza a dama, mata a hagu. In ta hau jirgin Elizabeth line labaran Hausa ne a kunnenta har ta sauka. Ta gano tukunya mace ce, cokali namiji, ta tambayi kanta wa ya zauna ya yanke wannan hukuncin, ta dai haddace.

Wajen sha ɗaya ta shiga kicin. Mama ta ɗora tandar da ta ɗauko tun daga Zariya a cikin akwati, tana zuba ƙullu rami bayan rami, miyar taushe na tafasa a gefe. Nanret ta jingina da firji.

"Mama."

"Na'am, Barista."

"Akwai wadda nake so."

Maganar ta fita tsaf, ba gargada, kamar yadda ta fita sau ɗari a gaban madubin banɗaki.

Cokalin da ke hannun Mama ya ɗan tsaya a kan masa. Sannan ya juya ta.

"Wanda," in ji Mama.

"Na'am?"

"Wanda ake cewa. Wadda ta mace ce. Akwai wanda nake so, haka za ki ce."

Sai kuma ta juyo gaba ɗaya, baki har kunne, ta dafe ƙirji da hannun da ke riƙe da cokali.

"Tsaya ma tukuna. Saurayi kika yi? Albishir biyu a rana ɗaya?"

Jama'a, Nanret ta shirya wa kuka. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa a ce ta tattara nata ya nata, har ƙaramar jaka ta haɗa ta tura ƙarƙashin gado. Darasin nahawu ne kaɗai ba ta shirya wa ba. Ta rasa dariya za ta yi ko ta zauna a ƙasa ta yi ihu.

Mama kuwa ta riga ta yi nisa. Ta ce ta sani, Hosea ne mai kiɗa jita a coci, ai ta sha ganin yadda Nanret ke gyara ɗankwali in ya ɗauki jitarsa. Nanret ta ce ba shi ba ne. Hosea kam ta so shi tana shekara sha biyar, so na gaske, shi ya sa ma ta daɗe tana rikici da kanta kafin ta yarda cewa zuciyarta tana iya son namiji, tana iya son mace, kuma ba ƙarya take yi wa ko ɗaya ba. Amma zancen Hosea ya wuce tuntuni.

"To ɗan gidan wa? Wace ekklesiya yake?"

"Ba ta zuwa coci."

"Ba ya zuwa. Me ya hana shi?"

"Musulma ce."

"Musulmi ne."

Mama ta kwashe masa uku ta zuba a kwano. Sannan ta ce ita da ta tashi a Zariya rabin danginta Musulmi ne, kawunta ma ladan ne a unguwarsu, wannan ba abin da zai hana ta barci ba ne. Za a zauna a yi magana a tsanake, karatu dai shi ne gaba da komai.

Nanret ta saki baki tana kallon ta. Matar da ta taɓa hana ta zuwa bikin ranar haihuwar wata ƙawarta don ya faɗo ranar Lahadi, yau ta haɗiye suruki Musulmi ɗungurungum, ko ruwa ba ta nema ba.

Ta sake yin ta maza. Ta ce kyakkyawa ce, aka ce mata kyakkyawa ne.

"Mama, kin ma san ta."

"Na san shi? Madalla, an rage min aiki."

Duk macen da Nanret ta jefa, Mama sai ta cafe ta mai da ita namiji ta miƙo mata, tana yi tana juya masa tana rausaya. Ana cikin haka wayar Nanret ta yi ƙara. Zaratu ce, wai tana ƙasa da kula mai nauyi, kuma lif ɗin hawa bene ya ƙi aiki, a zo a taya ta.

Nanret ba ta san lokacin da ta sauka hawa ukun nan ba.

Ta same ta a gindin matakala da kular shinkafa da wake irin na Gana, wadda mamanta ta dafo don taya murna. Ita ma Zaratun ta ci tata jarrabawar, ta samu gurbin karatun haɗa magunguna. Suka rungumi juna suna tsalle kamar 'yan firamare, har wani dattijo da ke duba akwatin wasiƙunsa ya ce musu congratulations bai san na mene ne ba.

Tsakaninsu da Turanci suke magana, don haka bari in ba ku da Hausa. Nanret ta kwashe yadda aka yi a kicin ta faɗa mata. Zaratu ta zauna a kan kular ta yi dariya har da hawaye.

"Gyara miki ta yi? Wata biyar fa, Nan. Wata biyar kina magana da tukunya."

Da dariyar ta lafa sai ta yi ƙasa da murya. Ta ce ko a bar shi haka? Ga hanya ta buɗe da kanta, a ci masa, a yi rawa, wata rana a sake gwadawa. Nanret ta girgiza kai. Ta ce ta san halinta, in ta bar shi yau ba za ta ƙara samun ƙarfin zuciyar ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata. Ba za ta kira sunan Zaratu ba sai da yardarta, don in zancen ya isa kasuwar Lewisham inda maman Zaratu ke sayar da atamfa, kafin la'asar ya sauka Kumasi.

Zaratu ta murza bakin mayafinta. Ta ce gaskiya tsoro take ji. Sannan ta miƙe ta kama hannun kular ɗaya.

"In kin kira sunana zan tsaya. Ba zan gudu ba."

Nanret ta kama ɗayan hannun. Wani irin daɗi ya cika ta har ta ji za ta iya ɗaukar kular ita kaɗai da gudu.

Tun daga ƙofa Mama ta tare su.

"Ga 'yar Zango, ga 'yar Zango. Ke ma na ji an ci."

"Mun ci, Mama. Sannu da aiki. Yau ka yi farin ciki."

"Kin ji ta ko? Shekara biyu tana cin tuwona, har yau namiji nake a bakinta. Ke Zaratu, ke kika ƙarasa lalata min bakin yarinya."

Ga wanda bai sani ba, Hausar Zango ba ruwanta da mace. Kowa "ka" ne, kowa "shi" ne, daga uwa har kaka. Mama ta daina gyara wa Zaratu tuntuni, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai addu'a.

Ta ja ta zuwa kicin, ta tura mata masa mai zafi a hannu, ta manta da dokar da Baba ya kafa a kan masar farko. Sannan ta sunkuyo kamar mai shirin gulma.

"Ƙawarki ta yi saurayi. Kin san shi?"

Zaratu ta saci kallon Nanret.

"Na san shi, Mama."

"Yana da hankali?"

"Yana ƙoƙari."

"Kyakkyawa ne?"

"Mutane suna faɗi."

Nanret ta ƙware da ruwan da take sha. Abin haushin shi ne ko kalma ɗaya Zaratu ba ta yi ƙarya ba, a Hausarsu haka ake faɗa. Mama ta tafa hannu, ta ce to shi ke nan, tunda 'yar Zango ta shaide shi, a kira shi ya zo ƙarfe huɗu ya gaisa da matan zumunta, ba wani abu ba, a dai ga fuskarsa. Ta goge hannu a zani ta ɗauki wayarta, ta ce bari ta tura wa Aunty Jane saƙon murya a Jos, kada ta ji a bakin wani ta yi fushi.

Nanret ta san abin da zai biyo baya. Aunty Jane in ta ji magana da rana, kafin magariba Jos ta ji, Pankshin ta ji, Wusasa ta ji. Za a wayi gari dangi kaf suna da surukin da babu shi a duniya, har a fara tambayar kalar anko. Ita kuma za ta ci gaba da ciyar da wannan saurayin na ƙarya shekara da shekaru, Zaratu na gefe tana cin masa a matsayin ƙawa.

Ta miƙa hannu ta dafe wayar a kan tebur.

"Mama, ki saurare ni."

Mama ta ɗago. Nanret ta ja numfashi, ta fara a hankali, kalma bayan kalma.

"Baba ya tafi aiki. Aunty Jane ta kira jiya. Kaka ta warke daga ciwon ƙafa, Kawu ya kai ta asibiti. Tukunya ta tafasa. Cokali ya faɗi. Mai ya yi zafi, kuma masarki ta fara ƙonewa."

Masar kuwa ta fara ƙonewa, ƙauri ya cika kicin ɗin. Ba wadda ta motsa.

"A cikinsu wanne na yi kuskure?"



"Babu," in ji Nanret. "Na san wanda, na san wadda. Wadda nake so wadda ce, Mama. Zaratu ce. Ga ta nan tsaye."

Zaratu ta ajiye masar da ke hannunta. Ta tsaya, kamar yadda ta ce.

Mama ta juya ta kashe gas. Ta sa cokali ta ƙwaƙule masar da ta ƙone ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a kwandon shara. Ta tura tagar kicin ta rufe. Ta nuna wa Zaratu kujera da haɓa, Zaratu ta zauna a baki-baki. Duk wannan Nanret na tsaye tana kallon ta. Tana jiran ihu, tana jiran a ce me ta ce, a sake faɗa.

Mama ta jingina da kanta a inda take, ta naɗe hannu.

"Na ji ki tun na farko."

Nanret ta ɗauka kunnenta ne.

"Na ji ki," Mama ta maimaita. "Tun bikin Easter ba ki ƙara ce min 'ya' ba. Ni da nake bin bakinki tun kina koyon magana, kin ɗauka ban lura ba?"

"To amma kika ce..."

"Wata rana na taso daga aiki na hango ku a bus stop, ana yayyafi, wannan tana gyara miki wuyan riga. Ba abin da kuka yi. Amma ni ma na taɓa zama 'yar sha bakwai, na san kallon."

Nanret ta nemi kujera ta rasa, ta dafa firji.

"Me ya sa kika gyara min?"

"Ƙofa na buɗe miki. Na ce wataƙila ki karɓi gyaran, mu ci masarmu, ki tafi jami'arki, babanki ya ci gaba da zama a kujerar dattawan ekklesiya kansa a sama. Sau biyar na miƙa miki, sau biyar kika ture min hannu."

Abin ya yi wa Nanret zafi, zafi sosai. Ashe rawar nan da tafin nan duk Mama ƙoƙarin rufe mata baki take yi da dariya. Amma tare da zafin wani daɗi ya taso mata wanda ya kusa ɗaga ta daga ƙasa, don maganar ta shiga. Ba Turanci, ba kalmar zagi, da Hausar Mama ta faɗa, kuma Mama ta ji.

"Kin yi fushi?" ta tambaya.

"Tsoro nake ji. Fushi bai iso ba tukuna, ban sani ba ko yana hanya." Mama ta goge ido da bakin zani. "Ban gane abin nan ba, kada ki je ki ce na gane. Wata huɗu ina durƙusawa in yi addu'a a kanki, sai in rasa abin da zan roƙa, in tashi haka nan."

Ta juya ta dubi Zaratu, ta daɗe tana dubanta.

"Mamanki ta sani?"

"A'a, Mama. Bai sani ba."

"Ba ta sani ba," in ji Mama, bakinta ya riga ta. Ta ji abin da ta yi, dariya ta zo mata ta haɗu da kuka a maƙogwaro, ta toshe baki da hannu. Zaratu ma hawaye suka zubo mata.

Nanret ta taka ta isa gare ta. Ba ta san ko za a ture ta ba, ta dai ɗora kanta a kafaɗar da ke ƙamshin man gyaɗa da hayaƙi. Mama ba ta rungume ta ba, amma ba ta matsa ba. Can sai Nanret ta ji hannu a bayan wuyanta.

"Akwai abin da na yi," Mama ta ce a saman kanta. "Da kika sauka ƙasa na kira babanki."

Nanret ta ɗago da sauri.

Mama ta ce ta so ta ɗaure zancen ne tun kafin ya kwance. Ta yi tunanin in Baba ya riga ya ji cewa saurayi ne, Nanret ba za ta iya warwarewa ba, dole ta bi. Don haka ta ce masa 'yarsa tana da albishir na biyu, akwai wani. Shi kuma murna ta hana shi haƙuri, ya ce zai roƙi abokin aikinsa ya ƙarasa masa sauran zagayen, yana nan tafe.

"Yaushe?"

Mama ta dubi agogon bango. Ba ta kai ga amsawa ba suka jiyo shi a matakala. Obadiah ne, dattijon ekklesiya, mutumin da ko a biki ba ya ɗaga murya, yana hawowa yana rera waƙar godiya iya ƙarfinsa, wani abu kamar balan-balan yana gogar bango a bayansa.

Zaratu ta miƙe zumbur. Ta dubi ƙofar falo, ta dubi Nanret, ta koma ta tsaya a inda take.

Makulli ya shiga ƙofa.

"Ina Barista? Ina lauyar gidan nan?"

Mama ta kama hannun Nanret ta matse har sai da ya yi zafi. Ta kawo bakinta daidai kunnenta.

"Wannan karon ba zan gyara miki ba. Abin da kika faɗa, shi zai zauna."

Baba ya cika ƙofar kicin da rigar aikinsa, balan-balan uku a hannu ɗaya, kwalin kek a ɗayan, fuskar nan kamar an ba shi kyautar London ɗin gaba ɗaya. Ya amsa gaisuwar Zaratu da fara'a, ya ce 'yar Zango ma tana nan, madalla, ita ce shaida. Sannan ya juyo ga 'yarsa.

"Na farkon na ji shi, Allah ya yi miki albarka. Saura na biyun. Mamanki ta ce akwai wani."

Ya ajiye kwalin a kan tebur, ya gyara tsayuwa.

"To ina jin ki. Wane ne?"